Jawabi A Kan Ciwon Muƙamuƙi

 Abin da na ke so mu duba yau shi ne ciwon muƙamuƙi, watau ciwon nan da kan kama mutum tun daga gindin kunne har zuwa haɓa, ya hana shi tauna, wani lokaci har ya hana shi barci. Ba wanda zai ce bai san shi ba. In bai taɓa kama ka ba, ai ya kama wani a gidanku, ka gan shi zaune a zaure ya dafe kunci, an kawo tuwo ya ce a mayar.

To, ku sani ciwon muƙamuƙi ɗan aike ne, masu aikensa kuwa suna da yawa. Wani lokaci haƙori ne ya aiko shi, wani lokaci gaɓa, wani lokaci wani ɗan rauni ne can a tafin ƙafa, wani lokaci ma zuciya. Cikin waɗannan akwai wanda zai haƙura har ka gama girbi, akwai wanda zai jira ranar kasuwa, akwai kuma wanda ba ya jiran wayewar gari. Abin da na ke so ku tashi da shi daga nan shi ne sanin bambancinsu.

Ka sa yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki, ka rufe. Za ka ji wani abu yana motsi. Nan ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Na sama ba ya motsi, na ƙasa shi ke yin aikin duka. Cikin waɗannan ƙasusuwa biyu a ke da haƙora, 32 ga babban mutum, 20 ga ƙaramin yaro. Kowane haƙori yana da saiwa da ta nutse cikin ƙashi, a tsakiyarsa kuma akwai wani ɗan rami siriri inda jijiya da jini su ke. Jijiya ɗaya babba, mai rassa 3, ita ke kai labarin ciwo daga kowane gefe na fuska zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum kan ruɗe. Turmin ƙasa ne ya lalace, amma ya rantse a kunne ya ke jin ciwon.

Mu fara da haƙori, gama shi ne ya fi kowa aiko wannan ɗan aike.

Tun muna yara a kan ce mana tsutsa ce ke cin haƙori. Har a kasuwa ka kan ga mai magani ya yi wa mutum turare ko ya ɗiga masa wani abu, sa'an nan ya nuna wa jama'a 'yan farare-farare ya ce ga tsutsotsin sun fito. Ba mu kaɗai muka yarda da wannan ba, Turawa ma sun daɗe a kai. Amma babu tsutsa a haƙori. A shekarar 1890 wani likitan haƙori mutumin Amurka, sunansa Miller, wanda ke aiki a birnin Balin na ƙasar Jamus, ya bayyana yadda abin ya ke. Akwai 'yan ƙwayoyin cuta a bakin kowa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Abincinsu shi ne zaƙin da ya maƙale a haƙora. In sun ci sai su fid da wani tsami, tsamin nan ya riƙa zaizaye haƙori kaɗan kaɗan, kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katanga. Kakanninmu ba su san shayi mai cokali 4 na sukari ba, ba su san minti da lemon kwalba ba. Mu kuwa da 'ya'yanmu mun san su sarai.

Ga yadda ciwon ke tafiya. Da fari in ka sha ruwan randa ko kunu mai zafi, sai ka ji tsam, sa'an nan ya wuce. A wannan lokaci aikin ƙarami ne, likita zai goge ramin ya cike shi, ka koma gida da haƙorinka. In ka ƙyale, ramin ya kai ga jijiya, sai zogi ya fara, ya fi tsanani da dare in ka kwanta. In ka ƙara ƙyalewa, wata rana sai ka wayi gari ciwon ya ɗauke ɗif. Nan ne mutane da yawa kan ruɗu, su ce maganin wane ya yi aiki. Alhali kuwa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar sun sami hanya, sun bi ramin nan sun sauka har ƙarshen saiwa, suna tara mugunya cikin ƙashi. Bayan kwanaki ko watanni sai ka ji haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, ba dama ka taɓa shi, kunci ya kumbura.

Ku saurara da kyau a nan, gama wannan yana kashe mutane, har ƙarfafa majiya ƙarfi. Mugunyar da ta taru a saiwar turmin ƙasa tana iya fasa ƙashi ta ciki, ta malala ƙarƙashin harshe. Sai ƙasan haɓa ya kumbura dama da hagu, ya yi tauri kamar katako. Harshe ya taso sama, miyau ya ƙi haɗiyuwa yana zuba, murya ta sāke, zazzaɓi ya rufe mutum. Abin da ke biye shi ne maƙogwaro ya toshe. Wani likitan Jamus, Ludwig, shi ya rubuta bayanin wannan cuta a 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiranta. Wanda ya kai wannan hali, ko da tsakar dare ne, a nemi mota a kai shi babban asibiti, a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Haka kuma in kumburin haƙorin sama ya hau har ya rufe ido.

Me mutum ya kan yi kafin ya kai nan? Ya kan tura garin taba da kanwa cikin ramin. Wani ya ɗiga kananzir, wani har ruwan batir. Wani ya ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ya kwana da ita. Duk waɗannan ƙone nama su ke yi, ramin kuwa yana nan. Kanumfari ya kan lafar da zogi na ɗan lokaci, ba laifi, amma ba ya cike rami. Wani kuma ya je kemis ya sayi kafso biyu ko uku, ya sha, kumburi ya ɗan saɓe, ya bari. Wannan kamar mai shema ne da ya sare ciyawa ya bar saiwa. Muddin ruɓaɓɓen haƙorin nan yana wurin, ba a cire shi ba, ba a kuwa wanke cikinsa an cike ba, kumburi zai komo, kuma maganin da ya yi aiki bara ba lalle ya yi bana ba, domin ƙwayoyin cuta su kan saba da maganin da a ke sha rabi da rabi.

Ban raina wanzami ba, yana da aikinsa, iyayenmu sun amfana da shi. Amma cirar turmi da awartaki ba nasa ba ne. Turmin ƙasa saiwa 2 gare shi, na sama 3, sau da yawa a karkace. In kan ya karye saiwa ta zauna ciki, an ƙara wa Barno dawaki. Ƙarfen da ya shiga bakin wani kuma ba a dafa shi ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Sakiya da ƙaho a kan kumburin fuska su ma a bar su. Akwai masu tsoron asibiti sabo da an ce in an cire haƙorin sama ido zai mutu. Wannan ba gaskiya ba ne, jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam.

Abin da za ka iya yi a gida kafin ka isa wurin likita kaɗan ne. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi, ka riƙa kurkure baki. Babban mutum ya sha farasitamol ƙwaya 2, ya jira sa'a 6 kafin ya ƙara, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Magungunan ciwon jiki masu ƙarfi da a ke talla a kasuwa, in an yawaita su, suna jawo gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda.

Dasashi mai zub da jini in an yi aswaki, da haƙorin nan na can ƙarshe wanda kan fito wa saurayi tsakanin shekara 17 da 25 ya rasa wurin tsayawa, su ma su kan sa ciwon muƙamuƙi. Aikin likitan haƙori ne, suna iya jiran ranar kasuwa in babu kumburi da zazzaɓi.

Yanzu ga wanda ya shafe ku ƙwarai, ku manoma. A ce mutum yana noman masara a gonar da ya zuba wa takin shanu, fartanya ta sare shi a yatsan ƙafa, ko ƙaya ta soke shi, ko tsohuwar ƙusa. Ya ɗebi ƙasa ya shafa, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Raunin ya warke, ya manta. Bayan kamar mako guda ko biyu ya zauna cin tuwo, sai ya ji baki ba ya buɗuwa sosai. Haƙoransa lafiya lau, ba kumburi, hankalinsa garau. Kashegari wuya ya sandare, haƙora suka sarƙe, fuska ta ɗaure kamar mai yaƙe. Daga nan sai jiki duka ya riƙa ƙamewa, baya ya lanƙwashe kamar baka. In an buga ƙofa ko an haska fitila sai abin ya tashi.

Mutanen gida su kan ce iska ce, a yi ta turare da rubutu kwana biyu, kwana uku. Wannan cuta ita ce tetanus, wadda a ke kira sarƙe-haƙora. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana iya yin shekaru a nan ba ta mutu ba. Ba ta son iska, sabo da haka rauni mai zurfi mai ƙaramin baki shi ta fi so. In ta shiga sai ta fid da dafi, dafin ya bi jijiya ya ɗaure naman jiki, da muƙamuƙi ya kan fara. Tsakanin rauni da bayyanar cuta a kan yi kwana 3 zuwa 21. Wani Bajamushe, Nicolaier, shi ya gano a 1884 cewa daga ƙasa ta ke fitowa. A 1889 wani mutumin Japan, Kitasato, ya ware ƙwayar ita kaɗai. Ba a kai 1930 ba sai da aka sami allurar rigakafinta.

Duk wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa bayan ya yi rauni, kome ƙanƙantar raunin, ko da ya warke, ran nan za a kai shi asibiti. Akwai allurar da ke kashe dafin da bai riga ya kama jijiya ba, sabo da haka kowace sa'a tana da daraja. Ba a ɗaukar cutar daga wurin mai ita, kada ku ji tsoron jinyarsa. Wanda ya yi ta ya tashi kuma yana iya sāke yi, sai an yi masa rigakafi.

Ga wani abin lura. Jarirai a kan yi musu wannan rigakafi a mako na 6, da na 10, da na 14. Mata a kan yi musu in sun je awon ciki. Magidanci fa, wanda shi ne kullum ƙafarsa ke cikin taki, wa ya taɓa kiransa? Sau da yawa ba kowa. Ƙarfin allurar yara kuwa yana raguwa da shekaru. A ganina kowane manomi ya kamata ya je da ƙafarsa ya tambaya tun kafin ruwa ya sauka. In kuwa ka yi rauni, ka wanke shi nan da nan da ruwa mai tsabta da sabulu, ka fid da duk ƙasar da ta shiga, ka je a duba ko kana bukatar allura. Kada ka bari a yi wa ɗanka kaciya, ko a yanke cibiyar jariri, da askar da ba sabuwa ba, kada kuma a shafa wa cibiya toka ko kashin shanu. Jaririn da ya fara shan mama lafiya, sa'an nan bayan 'yan kwanaki bakinsa ya ɗaure ya kasa kamawa, wannan cutar ce a ke tsoro, a gaggauta.

Tun da mun zo kan yara, bari mu tsaya a nan kaɗan. In kuncin yaro ya kumbura a kan ce hangum ne. Sau da yawa kuwa shi ne. Hangum ya kan kumbura gaban kunne da ƙasansa, ya kan bi yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya saɓe don kansa cikin kamar kwana 10. Amma akwai cuta biyu da kan ɓuya a bayan sunan hangum, su kuwa ba sa saɓewa.

Ta fari wani irin ciwon daji ne. A 1957 wani likita mai fiɗa, Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago a Kamfala ta ƙasar Yuganda, aka kawo masa wani yaro da muƙamuƙai a kumbure. Ba da daɗewa ba ya ga wani kamarsa. Ya bi tsofaffin takardun asibiti, ya tarar ashe abin ba sabo ba ne, ya buga bayaninsa a 1958. A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga mota suka yi tafiyar kimanin mil 10,000, suna bin asibitoci suna tambaya. Suka tarar cutar ta fi yawa inda a ke da zafi da ruwa, watau inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ƙasarmu tana ciki. A 1964 kuma masana a Landan suka gano wata ƙwayar cuta da ke da hannu a ciki.

Ga alamunta. Yaro, galibi mai shekara 4 zuwa 10, muƙamuƙinsa ya kumbura, kumburin yana ƙaruwa kusan kullum, ba ya cika yin zafi. Haƙora su yi girgiɗi su karkace ba dalili. Wani ido ya turo, wani ciki ya kumbura. Cikin cututtukan daji da kan kama ɗan Adam babu wadda ta fi ta saurin girma. Amma ga abin farin ciki, tana cikin waɗanda su ka fi jin magani. Ba a kan yanke ta ba, magani a ke sa wa yaro ta jijiya, ka ga kumburi yana narkewa cikin kwanaki. Yara da yawa sun warke sarai. Sharaɗin biyu ne, a zo da wuri, a kuma kai ƙarshen maganin. Uban da ya ga kumburi ya saɓe ya ɗauke ɗansa ya koma gida kafin likita ya sallame shi, cutar za ta komo, kuma ta biyu ta fi ta fari wuyar magani.

Ta biyu ita ce noma. Sunan ya yi kama da noman da mu ke yi, amma ba abin da ya haɗa su, kalma ce ta Girkawa mai nufin cinyewa. Wasu kan ce da ita zaizayar baki, wasu ciwon iska. Ta kan kama yaro mai shekara 2 zuwa 6, wanda tamowa ta raunana, musamman in ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi. Da ɗan gyambo a dasashi ta kan fara, baki ya riƙa wari, miyau yana zuba, kunci ya kumbura. Sai wani baƙin tabo ya bayyana, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci, ya ci leɓe, ya kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, cikin yara 10 har 9 suna iya mutuwa. Amma a matakin dasashi magani mai sauƙi ne, ƙwayoyi ko allura, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta, an buɗe shi a 1999, a can a ke yi wa waɗanda ta ɓata wa fuska aikin gyara. A watan Disamba na 2023 hukumar nan ta sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Ku fi sa ido a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba.

Babba ma ƙashin muƙamuƙinsa ya kan kumbura a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo. Don ba ciwo sai mutum ya rufe da rawani ya ci gaba da harkarsa. Irin wannan tsiro daga ciki ya ke cin ƙashi. In an zo yana ƙarami, ɗan wuri za a yanke. In an bari ya kai girman duma, sai an cire rabin muƙamuƙi. Haka gyambon baki ko na harshe da ya wuce mako 3 bai warke ba, balle ga mai shan taba ko mai cin ta, lalle a nuna shi ga likita.

Ciwon gaɓar nan ta gaban kunne ba shi da haɗari irin na waɗannan. Za ka ji tana ƙara ƙas ƙas in kana tauna, ko ka tashi da safe kumatu a gajiye domin ka kwana kana cizon haƙora, abin da kan sami mai yawan tunani. Ka huta wa goro da rake da ƙilishi mako biyu, ka koma kunu da fate, ka riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Yawanci ya kan tafi don kansa. In hamma ta sa gaɓar ta goce baki ya ƙi rufuwa, kada a dake shi, a asibiti a ke mai da ita. Wanda ya faɗi daga babur, ko jaki ya harbe shi, ya ji haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa kamar dā, ko leɓensa ya mutu, mai yiwuwa ƙashin ya karye. Wannan ya fi ƙarfin maɗori, gama in ƙashin ya kama a karkace mutum ba zai ƙara tauna daidai ba. A kan ɗaure haƙoran da waya mako 4 zuwa 6, ko a sa ɗan ƙarfe. Haƙorin babba da ya fita ɗungum, a tsoma shi cikin madara a garzaya da shi, wani lokaci a kan mai da shi ya kama in ba a wuce sa'a guda ba.

Mura ma, in ta toshe kogon da ke cikin ƙashin kunci, a lokacin hunturu, ta kan sa turamen sama duka su yi ciwo, ya ƙaru in ka sunkuya. Akwai kuma ciwon jijiyar fuska, wanda kan zo kamar walƙiya a gefe ɗaya, ya ɗauke nan da nan, in mutum ya wanke fuska ko iska ta buga shi ya komo. An sha cire wa irin waɗannan mutane haƙora masu lafiya a banza, alhali ƙwayar magani ce ke kwantar da shi.

Dattawa, ga naku. In kana huɗa ko kana tafiya da sauri ka ji muƙamuƙi ya riƙe, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora maka buhu, ciwon ya sauka hannun hagu, in ka tsaya ya lafa, to ba haƙori ba ne, zuciya ce jini bai ishe ta ba. Ka je a duba ka cikin makon nan. In kuwa ya zo kana zaune, ya ƙi tafiya, ga gumi, ga numfashi sama sama, wannan yana cikin waɗanda ba sa jiran wayewar gari. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su fi kowa kula.

To, ina za a dosa? Ka fara da asibitin da ya fi kusa da kai, ko kana Kafur, ko Masari, ko Mahuta, ko Gozaki. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba ka takarda zuwa babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ka tambayi wurin masu duba haƙori. Amma kumburin wuya, da sarƙewar haƙora, da ciwon zuciya, kai tsaye babban asibiti za ka nufa. Manyan ayyuka, irin su karaya da tsiro, a kan tura su asibitocin koyarwa, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko na Aminu Kano a Kano, ko na Katsina. Takardar nan da aka ba ka, ka adana ta kamar kuɗi, ita ke rage maka yawo.

In ka shiga wurin likita kada ka ce, "Baki ke ciwo," ka yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ka faɗi ranar da ya fara, ka nuna wurin da yatsa ɗaya, ka faɗi abin da ke ta da shi, ko sanyi, ko tauna, ko aiki. Ka faɗi raunin da ka yi cikin watan nan ko da ya warke. Ka faɗi duk abin da ka sha ko ka ɗiga, na kemis da na gargajiya, ba don a yi maka faɗa ba, don a san abin da za a ba ka. In kana da sikila, ko sukari, ko hawan jini, ko jininka ba ya tsayawa da wuri, ka faɗa tun kafin a taɓa ka.

Shi kuma zai duba da ɗan madubi, ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya ɗaya, ya lallatsa wuya ya ji ko akwai kaluluwa. Zai duba yawan buɗuwar bakinka. Mai lafiya yana iya sa yatsunsa 3 a tsaye tsakanin haƙoran gaba, gwada ka gani. Mai yiwuwa ya aike ka a ɗauki hoton ƙashi, irin wanda Bajamushen nan Röntgen ya gano a 1895, gama shi ke nuna abin da ke ƙarshen saiwa. In tsiro ne, zai ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar wake a duba a madubi. Kada wannan ya firgita ka, kada kuma ka ji masu cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. In ba a duba naman ba, ba yadda za a san maganin da ya dace.

Na san abin da ke ran wasunku, kuɗi. Gaskiya ne akwai kuɗin mota, da na kati, da na magani, ga aikin gona da za a bari. Amma ku yi lissafi irin na manoma. Cike rami zuwa ɗaya ne. Cire haƙori ma yini ɗaya ne. Kumburin wuya kuwa kwanciya ce ta kwana da kwanaki, da mai jinya, da abincinsa, wataƙila sai an kai buhunan masara kasuwa tun farashi bai tashi ba. Akwai kuma wani abu da ke hannunku, ku magidanta. Yaro ya kan kwana uku da kumburi a gida don uwarsa tana jiran maigida ya komo daga cin rani ko daga kasuwa ya ba da izini. Ka ba da izinin tun yau. Ka gaya wa iyalinka da ƙanenka cewa in ba ka nan aka ga kumburi, ko warin baki, ko baki ya ɗaure, a tafi da yaro, ka kuma nuna inda ka ajiye kuɗin mota.

In an cire maka haƙori, ka cije audugar da aka sa maka rabin sa'a. Ran nan kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofi, kada ka sha taba ko abu mai zafi, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfinsa. Kashegari ka fara kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci, har mako guda. In jini ya ƙi tsayawa, ko ciwo ya ƙaru a kwana na uku, ka koma. Sauran haƙoran kuwa ka riƙa goge su safe da dare, da buroshi da man goge baki, ko da aswaki mai taushin baki, ka kai har turamen can ciki, ciki da waje. Na dare shi ya fi muhimmanci, gama miyau ya kan ragu in mutum yana barci. Yaran gida kuma, ran Juma'a in an yi musu wanka, ka kira su ɗaya ɗaya a hasken rana, kowa ya buɗe baki ka duba dasashinsa.